Masu kai kyautar ba-zata a Legas: inda suka iya aiki da inda suke tona asirin mai saye

Sayen kyauta ga miji ko mata ba shi da wuya kamar ɓoye ta. Matar da kuke kwana ɗaki ɗaya ta san ƙarar alat ɗin wayarka, ta san lokacin da kake rufe shago, ita ke gyara durowa, ita ke ɗaga katifa ranar shara. A ɗaki da falo irin na Agege ko Idi-Araba babu lungun da kwali zai kwana biyu hannunta bai kai ba. Ta wajen mata abin ya ma fi tsanani: wadda ba ta fita sai da sanin maigida, yaya za ta shiga kasuwar Balogun ta zaɓo shadda ta dawo ba a tambaye ta daga ina take ba? Wannan giɓin masu sana'ar kai kyautar ba-zata suka zo cikewa, kuma a Legas sun yi yawa ƙwarai. Mafi yawansu ba su da shago, a Instagram da WhatsApp suke ciniki. Ka zaɓi tsarin da kake so, ka tura kuɗi, su haɗa kwali su kai har ƙofar gida.

Abin da aka saba gani a cikin tsarin nasu kusan iri ɗaya ne: kek mai faɗin inci 6 ko 8, furanni, balan-balan, cakulan, turare, kati mai rubutu, wani lokaci tiren karin kumallo. A tsari mai tsada akan ƙara mai busa da mai ɗaukar bidiyo. Hukuncin da za a iya yanke musu a taƙaice shi ne: sun iya ado, sun iya naɗe kaya, waɗanda suka ƙware sun san hanya da lokaci. Amma sana'ar ba da gidan Bahaushe a zuciya aka tsara ta ba. Hayaniya da kallo take sayarwa, alhali abin da ma'auratanmu suka fi bukata sirri ne da mutunta ƙofar gida. Wanda ya miƙa musu komai ya koma gefe, da wuya ya ji daɗin sakamakon. Wanda ya zaɓi kyautar da kansa ya ba su aikin ajiya da naɗi da kaiwa kawai, shi ne yake cin moriyarsu.

A fara da sirrin, tunda shi aka biya. Ta wurare uku yake tsiyaya, kuma biyu daga ciki laifin mai saye ne. Na farko alat: ka tura kuɗi daga asusun da saƙonsa ke shigowa wayar da uwargida ke ɗauka ta kira 'yan'uwa, sunan mai karɓa ya fito ɓaro-ɓaro har da kalmar da ke nuna sana'arsu. Maganinsa a biya ta wajen mai POS da tsabar kuɗi, a karɓi takardar shaida, a ɗauki hotonta a tura musu. Na biyu hirar WhatsApp: hotunan kwali suna sauka kai tsaye cikin ma'ajiyar hotuna, yaro ya ɗauki waya zai yi wasa ya kai wa uwarsa. A kashe saukar hoto na wannan hirar, a ajiye ta a ɓangaren adana hira, kuma a gaya musu sa'o'in da ba a yarda su kira ba. Har Instagram kansa yana tona mutum, domin idan ka kwana biyu kana duba awarwaro, tallan awarwaro ne zai cika maka waya.

Na ukun shi ne babba, kuma nasu ne: ɗan aike mai babur. Yawancin masu wannan sana'a ba su da babur nasu, haya suke yi. Shi kuwa mai babur ba ruwansa da ba-zata, kaya shida ne a akwatinsa yana son ya sauke kafin la'asar. Yakan tsaya a bakin titi ya danna lambar da ke jikin kwalin. Waya ta yi ƙara a kicin, Hajiya ta goge hannu ta ɗauka, wata baƙuwar murya ta ce, "Madam, ina da kek da fulawa naki, mijinki ne ya aiko, ta ina zan shigo?" Shi ke nan, aikin mako biyu ya rushe a daƙiƙa goma. Wani ma ya ƙara da cewa ba a biya kuɗin kawowa ba, sai ta shiga neman canji. Saboda haka kada lambar wadda za a yi wa kyauta ta hau jikin kwali ko kaɗan. Lambarka za ka bayar, ko ta mutum ɗaya da ka amince da shi a gidan, kamar ƙanwarka ko maƙwabciya. A tura alamar wurin ta taswirar waya, a haɗa da kwatance irin na baki: masallacin da ke kwana, launin ƙofa, shagon mai shayi. Idan rukunin gidaje ne mai maigadi da lambar shiga, kai za ka samo lambar ka sanar da maigadi tun da safe, don in ba haka ba shi ma cikin gida zai kira. A biya kuɗin kawowa gaba ɗaya tun farko, a rubuta musu cewa kada ɗan aike ya nemi ko sisi. Tukuici al'adarmu ce, kuma matar kirki za ta so ta bayar, to maigida ya bar shi a hannun wanda zai karɓi kayan.

Sai maganar ƙofa, wadda a nan ne aka fi samun ɓacin rai. Tsarin da suka fi alfahari da shi shi ne a ƙwanƙwasa, a buɗe, mai busa ya saki kiɗa, mutum biyu ko uku su kutsa har falo, kyamara na kan fuskar matar gida. A gidajen da suka saba da haka, ba laifi. A gidan da ake rubuta "ba shiga" a zaure, wannan ba kyauta ba ce, cin fuska ne. Mace tana aikin gida da ɗaurin ƙirji ko rigar shan iska, ba mayafi, ba ɗankwali, sai ga maza baƙi a kanta da waya a ɗage. Ko ta yi murmushi a lokacin don kada ta kunyata mijinta, abin zai zauna mata. Duk wanda zai yi hulɗa da su ya faɗa a rubuce, ba da baki kawai ba: ba mai busa, ba namiji da zai wuce ƙofar waje, mace ce za ta shiga da kayan, kuma sai an yi sallama an jira izini. Masu sana'ar da suka san aikinsu suna karɓar wannan ba gardama, wasu ma suna da ma'aikata mata don irin haka. Wanda ya fara ja-in-ja yana cewa ai kiɗan ne armashin abin, a bar shi a nemi wani.

Bidiyon ya fi kiɗan haɗari, domin kiɗa yana ƙarewa, bidiyo kuwa yana zama. Da shi suke talla. Sau da yawa kafin magariba an ɗora shi a shafinsu, ga fuskar matar, ga falon gidan, ga sunanta a jikin kek, ga kalaman da miji ya rubuta a kati don ita kaɗai. Ba mugunta ce ke sa su ba, a wajensu haka sana'ar take, sai dai ba kowa ke tambaya kafin ya ɗora ba. A sa sharaɗi tun kafin kuɗi su fita: ba ɗaukar hoton kowa, ba ɗora komai, ko hoton katin. Idan ana son abin tunawa, wata daga cikin gida ta ɗauka da wayar gida.

Mai mata fiye da ɗaya ya ninka wannan taka-tsantsan. Zancen duniya ba ya ɓuya, kuma abin da bai kamata abokiyar zama ta fara gani a intanet ba ke nan. Idan za a yi wa biyu, a daidaita ƙimar kayan, a rubuta suna a bayan kowane kwali da babban baƙi, a nemi hoton kowane kati kafin a rufe. Musayar kati tsakanin kwali biyu kuskure ne mai sauƙin faruwa a teburin da ake haɗa oda goma a lokaci ɗaya, kuma ba ƙaramin gyara yake bukata a gida ba.

Yanzu a buɗe kwalin. Wajen naɗi sun cancanci yabo: kwali mai ƙarfi, takarda mai laushi a ciki, zare a ɗaure da tsari, kowane abu a mazauninsa. Namiji da hannunsa ba zai yi rabin wannan ba. Matsalar tana cikin kayan da suke zaɓa da kansu. An tsara su ne don kowace mace, don haka ba su dace da kowace ba. Ga kuma abin da ya shafi addini: kwandon kyauta a Legas ya saba zuwa da kwalbar giya, wasu cakulan na waje da giya a cikinsu, wasu masu kek suna jiƙa kek mai 'ya'yan itace da barasa don ya daɗe. Kada a ɗauka sun gane daga sunanka. A faɗa ƙarara, kuma a nemi jerin duk abin da zai shiga kwalin, da sunan kamfani da girman kowane abu. Wannan jerin yana kuma nuna nawa ne kuɗin kaya, nawa ne kuɗin ado. Wanda ya ƙi rarrabe farashi, akasari adon ne ya cinye kuɗin.

Turarensu shi ya fi bukatar ido. Kwalba mai babban suna a cikin tsari mai araha, araha ba ta ado. A duba lambar da ke ƙasan kwalba ta yi daidai da ta jikin kwalinta, ledar da aka rufe ta zama a miƙe ba gam a waje, kan feshin ya zauna daram. Kuma matanmu da yawa humra da turaren wuta na Maiduguri suka fi so a kan na feshi, abin da mafi yawan masu wannan sana'a ba su san shi ba. Gara a saya wajen matan da ke haɗa shi a Agege da sauran unguwanninmu a kai musu. A nan akwai kuskuren da ke ɓata kaya: humra tana da maiƙo, idan kwalbar ta kwanta a kan atamfa ta ɗiga, tabon ba ya fita. A ɗaure bakinta da salatif, a sa ta a ledarta daban, a tsayar da ita a kusurwar kwali.

Kek kuwa shi ne abin da hanyar Legas ta fi ci. Man shanun da ake yi wa kek ado da shi yana narkewa daga zafin digiri 32 zuwa 35, kuma ranar Legas a watan Fabrairu da Maris tana kaiwa nan ko a inuwa, balle cikin akwatin babur da ke tsaye a gosulo. Kirim mai kumfa ya fi saurin zubewa. Lulluɓin sukari mai kauri yana jure zafi, amma idan aka fito da shi daga firji zuwa iskar Legas mai laima sai ya yi gumi, launi ya zuba, rubutu ya dagule. Kek mai hawa biyu bai kamata ya hau babur ba sam. Mota yake so, a daɓen cikin mota inda yake a shimfiɗe, ba kan kujera mai gangare ba, da na'urar sanyi a kunne. Ga gida mai mutum huɗu zuwa shida, inci 6 ya wadatar, inci 8 kuma idan akwai yara da maƙwabta da za a ɗiba wa. Da rashin tabbas na wuta, babban kek da za a ajiye kwana uku asara ce.

Furanni na gaske suna da kyau a ido, amma kwanakinsu kaɗan ne a zafi. A yanke ƙasan kowane kara kamar santimita 2 a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a sauya ruwa duk bayan kwana biyu. A tsakiyar Fabrairu farashinsu yana tashi saboda bikin masoya na Turawa, wanda ba namu ba ne, amma aljihunmu ma yana ji idan ranar aurenku ta faɗo a lokacin. Balan-balan na roba da aka cika da iska mai tashi ba ya wuce yini ɗaya a sama, mai ƙyalli shi ke kwanaki. A tambayi irin iskar: hiliyom ba ta kama wuta, haidurojin mai araha tana kamawa, kuma gidajenmu ba sa rabuwa da kaskon turaren wuta.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a ƙi gaba ɗaya, wato kuɗin da ake naɗewa kamar furanni ko a jera su kamar kek. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya wulaƙanta naira. A watan Fabrairun 2023 bankin ya ambaci wannan naɗin a cikin abubuwan da yake ɗauka wulaƙanci ne, kuma a 2024 hukumar EFCC ta kai mutane kotu a nan Legas kan liƙin kuɗi, har aka ɗaure. Ban da doka ma, salatif da allura suna yaga takardun, matar ta ɓata awa guda tana warwarewa, ga kuɗin aiki da kuɗin sababbin takardu da aka ɗora maka. Ambulan mai kyau ya fi.

Hanyar da ta fi dacewa da wannan sana'a ita ce ka sayi ainihin kyautar da kanka, ka kai musu su ajiye, su naɗe, su kai. Da haka an warware matsalar maɓoya, zaɓi kuma ya zauna a hannun wanda ya san mai gidan ko matar gidan. Sai dai zaɓin ma yana da nasa aikin, kuma awo ne ginshiƙinsa.

Gwal shi ne kyautar da matanmu ba sa rainawa, domin ado ne kuma ajiya. Lambar da ake bugawa a jikinsa tana nuna tsabtarsa: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 karat 22. Na Italiya da ya yawaita a kasuwannin Legas akasari 18 ne, ya fi tauri kuma launinsa ya fi haske. Na Dubai da Saudiyya da Hajiyoyi suka saba da shi 21 ko 22 ne, ya fi ja. Idan sarƙarta 21 ce ka sayo ɗan kunne 18, bambancin launi zai fito a jikinta. Lamba kaɗai ba shaida ba ce, ana buga ta a jabu. A auna a gabanka, a gwada a gabanka, a rubuta giram da karat da kwanan wata a rasit. A tuna kuma duwatsun ado suna ƙara nauyi ranar saye, amma ana cire nauyinsu ranar sayarwa. Gwal kada ya kwana wajen masu naɗi, kada ya hau babur. Su kai kwalin da sauran kaya, shi kuma ya fito daga aljihunka.

Awon zobe ba ya bukatar tambaya. A ɗauki wanda take sawa a yatsan da ake nufi, a danna shi a jikin sabulun wanka sabo ya bar shaida, ko a zagaye cikinsa da biro a takarda, a auna faɗin da rula. Milimita 16.5 lamba 6 ce a awon Amurka, 17.3 lamba 7, 18.1 lamba 8. Yatsun dama da na hagu ba ɗaya ba ne, kuma mai juna biyu yatsunta kan kumbura, gara a jira ko a koma kan sarƙa. Awarwaro ma faɗin ciki ake aunawa. Abaya kuwa lambarta, 52 ko 54 ko 56 ko 58, tsawo ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, don haka a shimfiɗa wadda ta fi sawa a auna. Takalmi a duba ƙasan guda biyu ko uku, ba ɗaya ba, domin 39 na wani kamfani 40 ne a wani.

Atamfa turmi yadi 6 ne, leshi akan yanka yadi 5. Mai neman sufa ta Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, ya duba bakin zanen inda ake buga suna da lambar zane, ya juya baya ya ga ko launin ya ratsa kamar gaba. Kwaikwayo ya yi yawa a Balogun kamar kowace kasuwa, shagon da zai ba da rasit mai suna ake nema. Babban kuskuren maza a nan guda biyu ne: sayen zanen da take da irinsa, da kai ɗinki a ɓoye. Na farko ana kauce masa da ɗaukar hoton jerin zannuwanta a tafi da shi kasuwa. Na biyu kuwa a haƙura da shi. Tela ba ya riƙe magana idan kwastomarsa ce, sabon tela kuma ba shi da awonta, ga salo da ita kaɗai ta san wanda take so. A ba ta zane da kuɗin ɗinki a ambulan, ta fi jin daɗi.

Uwargida da ke son yi wa maigida, lissafinta daban. Kaftani da wando yana cin yadi 5 ga matsakaicin mutum, babbar riga da 'yar ciki da wando yadi 10. Shadda Getzner daga Ostiriya take, kuma ita ma jabunta ya fi na gaske yawa, don haka ɗan'uwa da ya san kaya ya fi mai naɗin kwali iya zaɓa. Hula ana auna zagayen cikinta da inci, akasari tsakanin 21 da 24, kuma rabin inci yana sa ta matse goshi ko ta sauko kan kunne. A auna wadda yake zuwa Juma'a da ita, ba tsohuwar da ta saki ba. Tsarin da masu sana'ar ke haɗa wa maza yakan zo da sarƙar wuya ko abin hannu mai ruwan gwal, alhali gwal da alharini ba su halatta ga namiji Musulmi ba. Zoben azurfa mai lamba 925, agogo, turare mai kyau, takalmin fata, waɗannan su ne nasa. Kuma kada a yarda su kai masa wajen aiki. Dattijo a rumfarsa a kasuwar Mile 12, cikin abokan ciniki da yaran shago, a zo masa da balan-balan, kunya ce za ta rufe shi ba farin ciki ba. A kawo kayan gida lokacin da ba ya nan, ki ajiye, bayan isha'i ya ci abinci ya natsu ki ce, "Baban yara, ga wani ɗan saƙo." Nan ne aikin nasu ya tsaya, sauran naki ne.

Lokaci da hanya su ne suka rage, kuma a nan ake gane gwani. Da safe cunkoson Legas tsibiri yake nufa, da yamma ya juyo. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda ta haɗa tsibirin da sauran gari, tana iya zama tafiyar minti goma sha biyar, tana iya zama ta awa biyu. Tiren karin kumallo da zai taso daga Lekki zuwa Agege da asuba yana tafiya ne kishiyar cunkoso, zai iso da ɗumi. Kek da zai bi wannan hanyar da ƙarfe biyar na yamma ya shiga uku. Mafi sauƙi a nemi wanda yake ɓangarenku na gari, a kuma tambayi daga inda kayan za su taso, domin adireshin da ke shafi ba lallai nan ne kicin ɗin ba. A ba su tazarar awa biyu, misali tsakanin sha ɗaya da ɗaya, kada a ce ƙarfe kaza daidai. A kauce wa lokacin Juma'a, da lokacin ɗauko yara daga makaranta. Ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma saboda tsaftar muhalli, don haka abin da za a sayo a kai a ranar zai makara. A watan Yuni da Yuli ruwa yana iya tare hanya rabin yini, a sa a naɗe kwali da leda daga waje.

A tambayi kuma wane irin babur ne. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumban shekarar ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba a Mushin. Baburan kai saƙo masu akwati da takardu suna aiki, amma mai ƙaramin jari da ya damƙa kayanka ga ɗan acaba don rage kuɗi, idan aka kama babur, da kwalinka za a tafi.

Wajen biya, gani ya kori ji. Hotunan da ke shafi ba duka ne aikin mai shafin ba, a nemi gajeren bidiyon kayan da suke haɗawa a ranar. Instagram yana nuna lokacin da aka buɗe shafi da ko an sha sauya masa suna, shafin da ya sauya suna sau da yawa ko ya rufe wajen sharhi abin gudu ne. Idan sun ce suna da rajista, ana iya duba sunan kyauta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma sunan asusun da za a tura kuɗi ya yi daidai da shi. A nemi biyan rabi, sauran bayan an turo hoton kwalin a buɗe da komai a ciki, kafin a rufe. Kek da aka rubuta suna a kai akan nemi cikakken kuɗinsa, wannan daidai ne, tunda ba za su iya sayar wa wani ba. A bar musu aƙalla kwana uku, mako guda idan ana dab da Sallah. Duk sharuɗɗan nan, na lamba da na ƙofa da na bidiyo da na giya da abin da za a mayar idan an makara ko kaya sun lalace, a tara su a saƙo ɗaya a sa su amsa da "mun yarda". Wannan saƙon da takardar biya su ne abin da za a gabatar wa hukumar kare masu saye ta jiha, LASCOPA, ko ta tarayya, FCCPC, idan magana ta kai can. Wanda zai karɓi kayan a ƙofa kuma ya ɗaga murfin kek ya duba, ya taɓa ƙasan kwali ko ya jiƙe, ya ƙirga kayan da jerin da ke wayarsa, tun ɗan aike bai tayar da babur ba.